Kunyar 'yar fari a tsakiyar teku

Ni ɗan Damagaram ne, garin da yaro yakan iya ɗaukar jarkar ruwa kafin ya iya karatu. Ruwa mafi girma da na sani ina ƙarami tabkin bayan unguwarmu ne, shi ma da bazara ta kama sai ya koma filin ƙwallo. To wai ni ne karatun injiniya ya kai Paris, na zauna wurin kawuna a unguwar Clichy-sous-Bois, na sami takardun zama ɗan Faransa, ƙarshe na wayi gari hafsa a sojan ruwa. Har yau in na je gida abokaina na ƙuruciya sukan tambaye ni ko da gaske na iya iyo.

Doguwar tafiyata ta farko a jirgin yaƙi wata biyar ce, daga tashar ruwa ta Brest zuwa Indiya mu dawo. Lokacin matata tana da ciki wata bakwai, cikinmu na fari. Na kai ta Lyon wurin mahaifiyarta, a hawa na tara na wani dogon bene a unguwar Minguettes. Iyayenta 'yan Maraɗi ne, amma ita a nan aka haife ta, kuma auta ce, wadda marigayi mahaifinta yake ɗorawa a wuya ya zaga kasuwa da ita. Ranar da zan tafi ta raka ni tashar jirgin ƙasa, ta riƙe hannun rigata ta ce, "Ba zan hana ka aikinka ba. Amma duk abin da Allah ya ba mu, ina son in san kana murna da shi." Na ce mata haba, wannan ma har sai an faɗa? A ganina ban taɓa ɗaukar alkawari mai sauƙi irinsa ba.

Aikina a jirgin shi ne ruwa. A can ƙasa, kusa da manyan injuna, akwai na'urar da ke zuƙo ruwan teku ta tace gishirin, ya fito garau, a sha, a yi girki, a yi wanka. Ni ke kula da ita. Kowace safiya sai na tara kofi na kurɓa kafin kowa, ba don doka ta ce ba, sai don na kasa sabawa. Ina tsaye a kan ruwan da ba ya shayuwa, ina buɗe famfo yana zuba ba layi ba faɗa, sai in tuna mahaifiyata da tulunanta in yi ta dariya ni kaɗai.

Komai na jirgin abin kallo ne a wurina. Ranar da na fara ganin kifi ya tashi sama ya faɗo a kan jirgi, na ɗauke shi na buɗe fikafikansa ina dubawa har aka fara yi mini ba'a. A mashigin Suez muna tafiya a hankali, rairayi dama da hagu, wani mutum a kan babur ya wuce mu yana ɗaga mana hannu, daga can nesa kuma ga raƙumi yana kallon bindigoginmu ko a jikinsa. Da muka nufi gabas, bayan 'yan kwanaki sai a sanar a lasifika cewa kowa ya ƙara awa ɗaya a agogonsa. Alƙibla ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. Kafin kowace salla nakan tambayi hafsan da ke riƙe da taswira, kuma a Bahar Maliya na ga Makka ta tashi daga gabanmu ta koma hagu, sannan ta koma bayanmu, duk a cikin 'yan kwanaki.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki mutum ne, abokin ɗakina, wani Bafaranshe jikan masunta daga yankin Bretagne. Ya manne bangon gadonsa da hotunan 'ya'yansa uku. Muna cin abinci, gaban manya da ƙanana, sai ya kama labarin haƙorin babban ɗansa, yadda ya yi girgiɗi, yadda ya fita, har da kwaikwayon kukan yaron. Ni ke jin kunyar a madadinsa. A wurinmu ɗan fari abin kunya ne. Iyaye ba sa kiran sunansa, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, ba sa tambayar lafiyarsa sai a kaikaice. Ni kaina ɗan fari ne. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "kai" ko "ina yaron nan?", kuma a ɗakin kakata na tashi. Ban taɓa jin an ƙi ni ba ko da rana ɗaya.

Mun bar Jibuti da kwana biyu, da hantsi, ina durƙushe ina kwance matatar famfo, sai lasifika ta yi ƙara. Kumandan jirgin ne da kansa. Ya ce saƙo ya iso daga Lyon, hafsanmu na ruwa ya sami 'ya mace, uwa da jaririya suna lafiya. Ɗakin injuna ya kaure da ihu. Mutane da baƙin mai a hannu suka yi ta rungumata suna bubbuga bayana. Farin cikin da na ji ban taɓa jin irinsa ba, amma fuskata ta yi abin da aka koya mata. Na ce na gode, na juya na ce a miƙo mini sufana.

Da rana mai gashin burodin jirgin ya yi kek na musamman. Na yanka na rarraba ban ce komai ba. Bayan kwana biyu likitar jirgin ta kira ni ofishinta, ta rufe ƙofa, ta tambaye ni a hankali ko jaririyar tana da wata matsala, ko kuwa akwai abin da ke tsakanina da matata. Na yi dariya na warware mata al'adarmu. Ta saurara da sha'awa, har tana tambayar ko ɗa na biyu ma haka ake yi masa. Daga ƙarshe ta ce, "To ita uwar fa, ta yaya za ta sani?" Na ce ai ita Bahaushiya ce, ta riga ta sani.

A lokacin waya a jirgi 'yan mintoci ce a mako, sai kuma gajeren saƙon kwamfuta. Da layi ya zo kaina na kira Lyon. Surukata ta ɗauka, muka yi gaisuwa ta cinye rabin lokacin, sannan ta miƙa wa 'yarta. Na san gidan, na san falon bai fi taku biyar ba, na san tsohuwar tana jin duk abin da zan faɗa. Na ce, "Sannu da arziki. Yaya ƙarfin jiki? Yaya sanyi?" Ta amsa duka, sannan ta ce, "Ba ka da wata tambaya?" Na ce, "A gaida mutanen gida."

Suna kuwa ta hannun kawu na aika. Ya hau jirgin ƙasa daga Paris ya je ya yi wa jaririyar huɗuba, ya shirya ragon suna wurin wani mahauci a unguwar Guillotière. Sunan mahaifiyata na zaɓa, don ban san wata daraja da ta fi wannan da zan ba yarinya ba. Sai dai da haka na ƙara wa bakina kwaɗo na biyu, tunda sunan uwa ma ba abin da ɗa ke kira ba ne.

Hoto ɗaya ya iso, ƙarami, dishi-dishi. Na buga shi na ɓoye a cikin littafin na'urar tace ruwa, inda na tabbata ba mai buɗewa sai ni. Na yi nazarin hoton nan fiye da yadda na taɓa nazarin wata na'ura. Kunnen wa ta ɗauko? Me ya sa ta dunƙule hannu? Na riƙa lallaɓa abokin ɗakina da tambayoyi kamar don wani nake yi: a wata nawa jarirai suke fara gane fuska, yaushe suke dariya, me ke sa su shaƙuwa. Shi kuwa abin nema ya samu, ya yi ta zuba. Amma in na zauna rubuta wa matata, sai in cika saƙon da kifi mai tashi, da kasuwar kayan yaji da muka shiga a Indiya, da wani ƙaton kifi da ya bi mu rabin yini yana feso ruwa ta ka. A zatona nishaɗi nake ba ta.

Amsoshinta suka riƙa gajarta. Wata biyu bayan haihuwar sai ga wannan: "Na san launin teku a Indiya. Kai ka san launin idon 'yarka? Ko sau ɗaya ba ka kira sunanta ba. In mace ce ba ka so, ka faɗa mini in san matsayinmu." Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na rubuta mata cewa ba haka ba ne, al'ada ce, haka muka tashi, ta tambayi Innarta za ta gaya mata. Ko a wannan saƙon hannuna ya kasa rubuta sunan. Ta amsa da layi ɗaya: "Inna ma haka ta ce, amma ba Inna ka aura ba."

Daga nan ta daina rubutu. Makonni biyar na ƙarshe in na kira surukata ce ke ɗauka, ta ce mai jego tana barci, ko ta fita awo. Na ji tsoro sosai. Na ga aurena yana zamewa daga hannuna saboda kalma ɗaya da na kasa furtawa, ga ni a wurin da ba a sauka.

Da muka iso Brest gaɓa ta cika da iyalai. Abokin ɗakina ya kwashi 'ya'yansa uku a lokaci ɗaya, ni kuma na ɗauki jakata na nufi tasha. A Paris abin da ya kamata shi ne in tsallaka ɗaya tashar in kama jirgin Lyon. Sai na ce wa kaina ai bai dace in wuce kawu ban kai masa tsaraba ba. Gaskiyar magana tsoro ne ya kai ni Clichy.

Kawu ya yi ritaya daga masana'antar motoci, zaman gida ya ishe shi. Ya dafa shayi ya tsare ni da tambayoyi, ko teku tana da ƙarshe, ko ruwan da nake tacewa yana halatta alwala. Da na gama ba shi amsa na gaya masa abin da ke damuna, ina sa ran zai ce yaran yanzu ne ba su san kunya ba. Ya daɗe yana juya kofinsa. Babban ɗansa yana nan cikin Paris da iyalinsa, amma sai salla-salla yake leƙo shi, kuma ban taɓa tambayar dalili ba.

Ya ce, "Yadda aka yi mani haka na yi mashi. Amma a gida in uba ya yi shiru, akwai kaka, akwai gwaggo, akwai unguwa guda masu ce ma yaro ubanka na sonka. Nan wa za ya hwaɗa mashi? Bango?" Ya karɓe kofin daga hannuna tun ban shanye ba. "Tashi ka tahi. Akwai jirgin la'asar."

Na iso Minguettes rana ba ta faɗi ba. Kawu ya riga ya buga waya, don haka na tarar da falon cike da ƙawayen surukata. Na durƙusa na gaida su ɗaya bayan ɗaya. Suna ta tsokana, ga angon ƙarni ya dawo daga ruwa, wata har ta ja zane ta rufe fuskar jaririyar da ke cinyarta wai kada kunya ta kashe ni. Matata tana tsaye a ƙofar kicin ta harɗe hannuwa. Ta ce mini sannu da zuwa yadda ake ce wa mai gyaran famfo.

Na miƙe, na ratsa ta tsakanin ƙafafun tsofaffin nan, na yaye zanen, na ɗauki 'yata. Ta fi yadda na zata nauyi. Na kira sunanta da ƙarfi yadda kowa zai ji, sunan da tunda aka haife ni ban taɓa furtawa ba sai a gaban ma'aikacin da ke cika takarda. Na sake kira. Wata tsohuwa ta yi salati ƙasa-ƙasa.

Yarinyar ta ƙura mini ido, ta dubi maɓallan rigata, sannan ta buɗe baki ta tsala kuka iya ƙarfinta. Ban san yadda ake rarrashi ba, na tsaya ina jijjiga ta kamar mai tankaɗe. Surukata ta taso da sauri ta miƙo hannu tana cewa, "Kawo ta nan, ba ta san ka ba."

Matata ta baro ƙofar kicin, idonta cike da hawaye, ta tare hannun mahaifiyarta.

Ta ce, "Bar ta, Inna. Kada kowa ya karɓe ta. Ta yi kukanta a hannun ubanta."