Layin da mushen lissafi ya ƙarasa

Har yau in na ga zanen layi mai hawa da sauka a jarida ko a bangon asibiti, sai in ji raina ya ɓaci. Mushenmu na lissafi, wato malaminmu, nake tunawa, a wani kolej can ƙasar Agiye. Ɗan siririn mutum ne mai son guga, kullum da doguwar regil ta katako, ta ja layi, a hammata, yana tafiya kamar ƙasa za ta ɓata mishi takalmi. Karatu dai yana da shi daidai gwargwado, ban hana mishi ba. Amma tunda nake ban taɓa jin ya tambayi wani dalilin wani abu ba.

A ajinmu na biyu ya koya mana girafik. Abin ba wuya: layi kwance na watanni, layi tsaye na adadi, ka ɗiga inda suka haɗu, ka haɗa ɗigo da ɗigo. Littafi ya kawo misalin ruwan sama, shi kuwa gwanin ya ce da makinmu za a yi. Ya manna ƙatuwar takarda a bango, kowa da layinshi, duk ƙarshen wata a ƙara ɗigo.

Ɗan kawuna bencinmu ɗaya. Daga ƙauye ya zo, kuma wallahi ya fi ni kai nesa ba kusa ba. Watannin farko layinshi can sama yake. Sai mai masaukinshi ya kwashe iyali ya koma Gidan Rumji, gidanmu kuwa ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Ya koma kwana ƙauye, yana sallame asuba ya kamo hanya a ƙasa. Lissafi ne darasin farko, mushe kuma da ya shiga yake rufe ƙofa. Wanda ya makara sai tsayuwa gindin itacen bedi, in an yi tambayar ba-zata a rubuta mishi sifiri. Ta taga nake hango ɗan kawuna, ƙafafu fari fat, yana leƙen allo. Layi ya fara gangarowa, yo ai dole.

Ranar da za a koya mana karanta girafik, ɗan kawuna ne mushe ya tsayar gaban aji. Ya ɗora regil bisa ɗigon ƙarshe, ya bi gangaren da jan bik, wato biro, tsinke-tsinke, har ya dire kan sifiri daidai watan Yuni. Ya ce mu duba, ga inda wannan zai ƙare, lissafi ba ya ƙarya. Aji ya kwashe da dariya, har da waɗanda layinsu bai taɓa barin ƙasa ba, ƴan banza. Na ɗaga hannu na ce tafiya ce ta yi mishi yawa. Mushe ya nuna takardar da regil.

"Wannan na maki ne, wannan na wata ne. Nuna mini layin uzuri."

Ya aika kiran kawu. Kawuna bai yi lakol ba, bai san boko ba, duk mai riƙe da alli malami ne a wurinshi. Ya zo da rigar sallarshi, ya tuɓe takalmi a bakin aji. A lokacin yana shawarar kai ragonshi kasuwar Cadawa ya sayo wa yaron keke, mu duka mun sani. Mushe ya kai shi gaban takarda yana ta zuba bayani, rabi Hausa rabi faransanci, don dai a san an yi boko. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya sa yatsa kan jan layin.

"Mushe, wannan mai tsinke-tsinken, ya riga ya faru ne?"

"Bai faru ba, baba, amma zai faru."

Kawu ya yi godiya. Godiya fa! A hanya ya ce mini tunda masu ilmi sun riga sun gano ƙarshen abin, wahalar da yaro da rago ba ta da amfani, ga sharar gona ta matso. Na yi magana har bakina ya gaji, ya ce ni yaro ne, na fi mushe sani? Washegari ɗan kawuna ya aiko mini da littafin lakol in mayar, ya naɗe shi a leda don kada ƙura ta taɓa.

Ba a cire sunanshi daga rajista ba, don haka duk gwajin da aka yi sifiri ake sa mishi. Da Yuni ya zo, mushe ya ɗiga ɗigon ƙarshe, ya faɗa daidai inda jan layin ya dire. Zo ka ga murna wurin mutumin nan. Ya ɗauki regil ya cike tsinke-tsinken a hankali, ya ja da baya yana kallo yana gyaɗa kai, sai ka ce shi ya ƙago lissafi.

A jarrabawar ƙarshen shekara ya kawo mana zanen nan, ba suna, amma ba wanda bai gane shi ba. Tambayar ita ce me layin ke nunawa game da ɗalibin. Da ya dawo da takardu ya rubuta amsar a allo da kyakkyawan rubutunshi, ya ce kowa ya kwafa: ɗalibin ba ya ƙoƙari.