Ƙafafun Clarrie Tregear

Clarrie Tregear mai askin tumaki ne daga garin Hay a Ostareliya, dogo, siriri, ga surutun tsiya. A ramukan yaƙi na Faransa muka haɗu, cikin sanyin 1916, inda mukan yi kwana huɗu a tsaye cikin laka har gwiwa. Kwarkwata da ɓeraye kam mun saba da su. Abin tsoro shi ne ƙafa: ta jiƙe, ta kumbura, ta fara ruɓewa cikin takalmi, mai ita bai sani ba.

Shi ya sa aka haɗa mu biyu-biyu, kowa ƙafar abokinsa na wuyansa. Kullum safe ka cire masa takalmi, ka murza masa man kifi, ka sa masa busasshiyar safa. Ni aka haɗa da Clarrie, kuma bai taɓa tsallake rana ba. Ya ɗora ƙafata a cinyarsa yana toshe hanci.

"Kai Wal, da Jamusawa za su shaƙi wannan, da yau an gama yaƙin!"

Wata safiya ya gama da ni, na duƙa zan kwance masa igiyar takalmi, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa don sanyi.

"Bar shi, mutumina, shayinka zai huce," in ji shi. "Ai ba sa ma ciwo."

Na san rashin ciwon nan shi ne mugun abu, an sha gaya mana. Amma wallahi daɗi na ji. Da Saje Mulcahy ya zo zagaye ya tambaya, "An shafa?" sai na ce, "An shafa, Saje." Washegari ma haka. Kwana huɗu ina sharara wannan ƙarya da ƙafafuna shar da mai. A na biyar da wuƙa aka farke takalmansa, yatsun sun yi baƙi ƙirin. Na goya shi zuwa wurin likita, aka yanke ƙafafun duka biyun.

Aski ya ƙare, don ba a riƙe tunkiya a zaune. Ya koma Hay ya kama gyaran sirdi, ya auri wata mai suna Elsie, suka haifi 'ya'ya uku. Shekara tara ina samun wasiƙunsa, kunya ta hana ni amsawa. Ranar da na daure na je, tun daga bakin shago ya ƙwala ihu.

"Elsie, fito! Ga wanda ya goya ni mil biyu cikin laka!"

Ta riƙe hannuna tana hawaye, tana sa mini albarka. Na buɗe baki zan faɗi sauran labarin, sai Clarrie ya dube ni ya girgiza kai kaɗan. Ashe bai taɓa gaya mata ba.

Na zauna na ci naman da ta dafa mini, na tashi da ƙafafuna na tafi tasha.