Mai Laima da Kwarin da Ya Hana a Gina

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi marigayin da jama'a suka fi sani da Mai Laima a daminar shekara ta 1947, a wata unguwa da ke gangaren garin da ya yi wa hidima har ƙarshen rayuwarsa. Mahaifinsa magini ne, mahaifiyarsa kuwa tela. Gidansu a kan hanyar ruwa yake, saboda haka abin da ya fara wayo da shi shi ne ganin mahaifiyarsa ɗauke da keken ɗinki a ka, ruwa iya gwiwa, tana neman tudu. Kowace shekara mahaifinsa sai ya sake ta da katangar da ta faɗi a daidai inda ta faɗi.

Karatu

An sa shi makaranta a 1954, kuma malamansa sun shaide shi da natsuwa da yawan zane a bayan littafi, abin da ya jawo masa bulala ba kaɗan ba. A 1968 ya shiga kwalejin safiyo, daga bisani ya ƙware a fannin tsara birane.

Aiki

A 1973 ya kama aiki a ofishin tsara gari, inda aka ba shi tebur kusa da taga da ɗawainiyar zana sabuwar unguwa. Ɗabi'arsa ita ce ba ya jan layi a taswira sai ya ga inda ruwa ke bi da idonsa. Da hadari ya haɗo, abokan aiki na rufe tagogi, shi kuwa sai ya naɗe ƙafar wando ya ɗauki laima ya bi ruwan, lungu-lungu, har inda zai kwanta. Nan laƙabinsa ya samo asali.

Ruwan unguwar duka a wani kwari yake taruwa, a tsakiyarta. A taswirar 1976 ya fitar da tituna masu faɗi da magudanai, ya bar kwarin babu fuloti ko ɗaya, domin ruwa ya sami masauki kada ya shiga ɗakunan mutane. Tsare wannan fili shi ya zama aikinsa na haƙiƙa.

Aure da Iyali

Ya yi aure a 1975 da wata malamar makaranta mai haƙuri da kaifin baki, wadda ta sha shanya masa jiƙaƙƙun kaya. Takan gaya wa maƙwabta: “Mijin kowa ruwa ke koro shi gida, nawa kuwa ruwa ke fitar da shi.” Idan ya cika zancen filin a kan tabarmar cin abinci sai ta ce, “Malam, kwarin nan ai shi ne ɗanka na fari, namu duk ƙannensa ne.” Shi dai murmushi kawai yake yi, don bai taɓa musawa ba.

Shekarun Gwagwarmaya

Da gari ya cika ya batse, idon masu hali ya koma kan kwarin. A 1988 aka nemi ya sa hannu a yanka shi shaguna, har aka yi masa tayin fuloti biyu a ciki, alhali yana gidan haya. Amsarsa guda ce ga kowa: “Ranka ya daɗe, wurin da mai shi. Ruwa ne, kuma zai dawo.” Sakamakon haka aka mayar da shi ɗakin ajiyar tsofaffin taswirori, ya yi shekaru can ba ƙarin girma. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ko da yake a gida kaɗai aka sani.

A wannan zama ne ya fahimci cewa sa hannunsa ba zai tsare filin har abada ba, kuma filin da ba kowa a cikinsa ba shi da mai kare shi. Sai ya dasa itatuwa a gefensa, ya kafa wa matasa ragar ƙwallo da hannunsa, ya lallashi masu gyaran keke da masu wanki su riƙa zama a inuwar da rani. Da aka yi marka mai tsanani a 1994, kwarin ya cika maƙil, amma ruwa bai haura dokin ƙofar kowa a unguwar ba.

Ritaya da Tsufa

Ya yi ritaya a 2007. Kullum da la'asar yana bakin kwarin a kan benci, yara na kiransa Baba, yana yi musu faɗan zuba shara a magudana. A farkon 2019, yana kwance ba lafiya, aka yanka filin aka kafa turakun fuloti. Iyalinsa suka ɓoye masa, amma ya ji a bakin masu dubiya. Abin da ya ce wa matarsa kawai shi ne, “Na yi iyakar ƙoƙarina.”

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar wata Laraba a cikin watan Afrilu na 2019, yana da shekara saba'in da ɗaya. Jama'ar da ta taru ta fi ƙarfin ƙofar gidansa da ke cikin unguwar da ya zana, kuma duk unguwar babu wurin da zai ɗauke ta sai kwarin. Da aka zo daidaita sahu turakun suka tsaya a tsakiyar mutane, sai masu gyaran keke da tsofaffin 'yan ƙwallo suka duƙa suka tumɓuke su ɗaya bayan ɗaya suka tara a gefe. Aka sallace shi a wurin, aka kai shi makwancinsa kafin azahar. Ganin yawan waɗanda suka tsaya a filin ran nan, babu wanda ya sake ƙarfin halin kafa turke a cikinsa.

Ya bar matarsa da jikoki tara da 'ya'ya huɗu: babbar ma'aikaciyar jinya ce, mai bi mata malamin lissafi, na ukun makaniki, sai 'yar autar da ta gaji teburinsa na kusa da taga. Idan aka lissafa su a gaban mahaifiyarsu takan gyara ta ce biyar ne, babban yayansu yana nan a tsakiyar unguwa, yana tare ruwa. Allah Ya jiƙansa, Ya sanyaya makwancinsa.