Mwanatumu Kombo, Wadda Ta Tsaya Wa Lambun Mkanju

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma, ta kowace hanya aka bi da mu.

Ranar Alhamis, tara ga watan Mayu, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ranki, Yaya Mwanatumu Kombo, a bakin titin da ya raba kasuwar kifi da Lambun Mkanju. Wata farar mota ce ta kaɗe ki, ba ta tsaya ba. Masu sayar da kwakwa da abin ya faru a gabansu sun ce ba ta da lamba, gaba da baya. 'Yan sanda suka ce tsautsayi ne, wai tsufa ya rage miki gani. Ni kuwa a safiyar ranar ke kika zura mini zare a allura, don nawa idon ya gaza.

Na fara saninki ina sabuwar ma'aikaciya a ɗakin haihuwa, ke kuma babbar ungozoma. Ban manta ranar da aka kawo wata matar masunci daga tsallake ba, jiƙe sharkaf da ruwan sama, ba ta da ko tsumman da za a naɗe jariri. Kika cire mayafinki kika naɗe shi, kika koma gida da kai a buɗe. Kullum da safe kina zuwa da kunun gero a tulu saboda masu jegon da ba su da mai kawo musu. Rabin mutanen unguwar nan a hannunki suka faɗo duniya.

Da kika ajiye aiki, sai lambun ya zama ɗakinki na biyu. A gindin tsohuwar kukar nan kike shimfiɗa tabarma, iskar teku na kaɗawa, mata na kawo miki 'ya'yansu kina duba musu ciki da ido, tsofaffi na shan gahawa a gefe. Lambun shi kaɗai ne wurin da talakan garin nan yake zama a inuwa ba tare da an tambaye shi me ya kawo shi ba.

Sai majalisar gari ta fito da maganar sabon titi daga tashar jiragen ruwa zuwa babbar hanya, wanda zai ratsa tsakiyar lambun, kuma duk motar da za ta bi sai ta biya a ƙofa. Aka ce an gama magana. Ke kika bi gida-gida, masallaci da coci, har aka tilasta musu su bar jama'a su kaɗa ƙuri'a. Da suka fito da tambayar da za a buga a takardar zaɓe, sai ga shi ba a ambaci lambu ba ko kaɗan, an ce kawai ko mutum yana son a rage cunkoson motoci. Wa zai ce ba ya so? Kika je kika zauna a ƙofar ofishinsu da 'yar kujerarki, ba ki daina zuwa ba sai da aka sa sunan lambun a cikin tambayar.

Ina wurin ranar da kansilan unguwarmu, Shee Mwadzaya, ya same ki a gindin kukar. Ya durƙusa ya gaishe ki, ya daɗe yana yabon hidimarki, sannan ya ce masu kwangila sun yarda a sa wa titin sunanki idan kika sassauta. Kika dube shi kina murmushi.

"Shee, ni na yanke maka cibiya, kana ta tsala kuka kamar ɗan akuya. Yau kai ne za ka yi mini raɗin suna?"

Ya ce, "Mama, don a girmama ki ne."

Kika ce, "Tashi, wandonka zai yi ƙasa. Ka gaida mahaifiyarka."

Mutane suka yi ta dariya. Shi bai yi ba. Ni ma yanzu idan na tuna fuskarsa, dariyar ba ta zo mini.

Ba na ɗora wa kowa jininki, Yaya, don ban gani da idona ba, kuma ina tsoron tsayuwa gaban Allah. Amma akwai abubuwan da suka ƙi kwanta mini. Ba ki saba bin titin kasuwar kifi ba. A ranar wani ya kira ki a waya ya ce yana da maganar da zai faɗa miki game da kwangilar, ku haɗu a can. Mu 'yan kwamitin kare lambu kaɗai kika gaya wa, muna zaune a tsakar gidanki. An sami jakarki da carbinki da takalminki, wayar ce kawai ba a gani ba. Tun daga ranar, idan muka zauna taro, kowa na satar kallon ɗan'uwansa.

A zaman makoki aka sauke buhunan shinkafa daga wajen masu kwangila. Shee ya zo da jajayen idanu, ya ba da shawarar a ɗage zaɓen, wai bai dace a yi hayaniya garin yana cikin juyayi ba. Kafin ya rufe baki sakataren kwamitinmu ya ce ya goyi baya, kamar dama jira yake. Sai 'yarki Mwanajuma ta ɗago daga cikin mata ta dubi Shee, muryarta a dishe.

"Kawu, ku kwashe shinkafarku. Uwata ba hutu ta nema ba, zaɓe ta nema."

Aka yi zaɓen a ranarsa. Matan da kika karɓi haihuwarsu suka fito da 'ya'yansu da suka isa ƙuri'a, masunta suka bar jiragensu a gaɓa. Muka ƙi barin akwatunan su bar idonmu har aka ƙirga a gaban kowa. Masu cewa a'a suka yi rinjaye, lambun ya tsira.

Sai dai ban ce an gama ba. Makon jiya an wayi gari an ga an shafa wa itatuwan mangwaron gabashin lambun jan fenti, an kafa turaku a jere, kuma kowane ofishi muka je sai a ce ba a san wanda ya yi ba. Mun tumɓuke turakun. Yanzu mata sun raba wa junansu zaman gadi a lambun, kuma ba ma barin kowacce ta tafi gida ita kaɗai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mwanajuma da ƙaninta Lali, da jikokinki, da duk gidan Kombo. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsare ku. Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Mwanatumu, Ka yalwata kabarinta, Ka shayar da ita daga ƙoramun Aljanna, Ka zaunar da ita a inuwar da babu mai sarewa. Wanda ya riƙe sitiyarin motar nan, da wanda ya aike shi idan akwai, ba mu san su ba, Kai Ka san su. Mun bar su a hannunKa.