Na Yi Jinyar Zakaran Hajara

Ku ji abin haushin da na yi wa kaina yau.

Tun da mijin maƙwabciyata Hajara ya kawo mata farin zakara daga wurin aikin dam na Damazin, kowa shi yake yabo, jan zakarana kamar babu shi. Da hantsi zakarun biyu suka kaure da faɗa. Na sheƙo, na suri wanda ya yi jajur, na juye masa sauran garin gahawata a zanko. Jini ya tsaya. Ina wanke shi, sai ga shi fari fat!

Hajara ta leƙo ta danga, ta ce, "Yaya, ashe haka kike son sa?"

Mata suka taru suna yi masa sannu. Nawa da ya ci faɗan, ko kallo bai samu ba.