Hannun Jarin Sule Biyar a Ikko

Ana kiran assalatu muka tashi daga tashar Sakkwato, ni da abokin aikina malamin kimiyya, muka nufi Ikko za mu sayi kamfani. Ba duka ba, ɗan yanki. Gwamnatin soja ta ce kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari, jarida kuma ta buga cewa wani babban kamfanin rediyo da talabijin da injinan ofis ya sa nasa sule biyar-biyar, kuɗin da ba ya sayen zakara ranar kasuwa. Jaridar ta iso mana ne bayan ta huta a hanya, kamar yadda ta saba. Da muka je banki, akawu ya ce shi ma a bakinmu ya fara jin maganar. Shi ya sa muka ce gara mu je da ƙafarmu.

Abokin nawa mutumin Filato ne, Kirista, ya daɗe a Sakkwato har ya fi ni cewa "munka" da "sunka". Ni kuɗin ƙarin albashi na ɗauka, waɗanda ko sun ɓace ba zan kwana da yunwa ba. Shi kuwa babur ɗinsa ya sayar. A kansa yake zuwa makaranta daga Runjin Sambo, a kansa yake kai maiɗakinsa coci ran Lahadi, ga ritaya ta matso. Na yi masa faɗa. Ya ce shi ba jarida kaɗai ya karanta ba, ya sha buɗe cikin rediyon kamfanin nan yana gyara wa maƙwabta, kuma mutanen da ke liƙa dalma da tsabta haka ba sa faɗuwa. Na nemi hujjar da ta fi wannan, ban samu ba.

Direbanmu yaro ne da sabuwar mota, yana gudu kamar an ce masa arzikin man fetur zai ƙare kafin la'asar. A Yawuri muka ci kifi mai kyau, aka caje mu ninki biyu. Da na yi ƙorafi, mai kifin ta ce su ma sun ji a rediyo an yi wa ma'aikata ƙari, ita kuwa ba ta ga dalilin da zai sa kifi ya zauna a tsohon albashi ba. Daga Kontagora zuwa Jebba tireloli ne kwance gefen titi, ƙafafu sama, siminti ya daskare a buhunansa. A kowane shingen soja sai a leƙo a tambayi me muka ɗauko. Abokina ya rungume jakarsa, ya bar mani amsawa. A gadar Jebba muka jira jirgin ƙasa ya wuce, har na gama karanta jaridar da na riga na haddace. A Ilori aka ba mu amala da miyar da barkononta ya fi ruwanta.

Ikko ta cika ta batse. Jiragen ruwa sun yi layi a teku suna jiran sauke kaya, motoci sun yi nasu a titi, mai tafiya a ƙasa yana wuce su yana kallonsu da tausayi. Muka sauka wajen wani mai goro, mutumin unguwar Gidan Igwai ta Sakkwato, a Agege. Da muka gaya masa abin da ya kawo mu, ya yi mana fatan alheri irin wanda ake yi wa majinyaci.

Kamfanin kuwa na gaske ne, wannan na yarda. Mun hangi 'yan mata a jere suna haɗa rediyo, motoci na lodi ba tsayawa. Abokina ya tsaya jikin gilashi yana murmushi, kamar wanda ya zo duba gonarsa. Sai muka hau bene, wata sakatariya ta shaida mana, ba tare da ta ɗago kai ba, cewa an rufe. Na nuna mata cewa ranar rufewa ba ta zo ba. Ta ce ranar ce ba ta zo ba, amma hannun jari ya ƙare.

Muna cikin haka aka buɗe wata ƙofa, sai ga wani cikin kwat, ya durƙusa har ƙasa. Tsohon ɗalibinmu ne, wanda mu biyun nan muka sha wahala da shi a kan lissafin rabawa mai tsawo. Yanzu darakta ne. Ƙanwarsa tana auren wani babban hafsan soja, Turawa kuwa sun gano yana da basirar da mu malamansa ba mu taɓa gani ba. Ya shigar da mu ofis mai sanyin da ke shiga ƙashi, ya sa aka kawo shayi.

"Allah shi gafarta Malam, don mi ba ku buga man waya ba? Ai tun kafin a kai ma jarida munka raba."

Ya faɗe ta ne da zuciya ɗaya, wannan ya fi ƙona mani rai. Ya yi bayani cewa banki ne ya ranta musu kuɗin, ba wanda ya taɓa aljihunsa. Wato mai kujera ya saya da kuɗin ajiyar mutane irinmu, malamin da ya sayar da babur kuwa an bar shi da shayi. Ya ce saboda girmanmu zai iya sayar mana daga nasa, sai dai farashi ya hau, ya ambaci abin da ya ninka na jarida sau da yawa. A nan na ga yaron ya koyi ninkawa, rabawa ce har yanzu ke ba shi wahala.

Muka miƙe za mu tafi. Daraktan ya sa aka miƙo mana rediyo ɗaya-ɗaya a kwali, wai tsaraba. Na tura tawa gefe. Abokina kuwa ya karɓi tasa, ya juya ta, ya ce, "Na gode, ɗana. Ka ce musu su ci gaba da aiki mai kyau."

Muka kamo hanyar gida. Mai kifin Yawuri ta sake ƙara kuɗi. Da muka iso gida, washegari na raka shi Sama Road wajen makanikin da ya sayi babur, da kuɗinsa cif a jaka, don ya mayar masa ya karɓi abinsa. Mutumin ya ce kaya sun tashi a 'yan kwanakin nan, kuma an riga an taya babur fiye da haka. Ba ƙarya ya yi ba. Muka yi ta roƙo, ya yi ta ba mu haƙuri.

Abin da na koyo shi ne, abokina bai yi kuskure a kan kamfani ba, kuma arhar gaskiya ce. Da sunanmu aka yi ta, a ɗakin da ba mu san ƙofarsa ba aka raba ta, aka aiko mana da sanarwa don mu yi tafi. Duk wanda zai sayar da abin hawansa don ya ga hannun jari da arha, ya fara tambaya ko akwai saura.

Yanzu da safe, in na leƙa ta tagar aji, ina hango shi yana tahowa daga Runjin Sambo a ƙasa, takalmansa a hannu in an yi ruwa. Ya ce mani ya buɗe cikin rediyon, dalmarsa tsaf.