Huhun Akuya a Baƙar Leda

Shekarar da na fara koyarwa a wata sakandaren 'yan mata da ke Kawo, darasin numfashi ya ba ni wuya. Sau uku ina zana huhu a allo, ɗalibai suna bi na da ido kawai. Wata malama 'yar kudancin Kaduna, wadda duk muke kira Anti, ta ce mini, "Ƙanwata, daina ɓata alli. Samo huhun gaske ki hura musu su gani."

Washegari da safe na biya wajen mahauci, ya ba ni huhun akuya da maƙogwaronsa a baƙar leda. Sai dai darasina ƙarfe ɗaya ne. Ledar ta wuni ƙarƙashin teburina, ga zafin bazara, ga babu wuta.

Ina kwance ta a aji wani ƙarni ya doki hancina, ƙudaje suka shigo ta taga kamar an kira su. Huhun ya yi yauƙi, yana zamewa a hannu. Na daure na cusa guntun tiyo a maƙogwaron, na ɗaure da zare, na runtse ido na hura. Sai ga shi yana tashi a hankali, ya cika tam, ya yi ja.

"Kai! Malama, haka namu yake yi?" in ji wata daga baya.

Na dakata don in amsa, tiyon yana bakina. Nan take huhun ya saki, ya turo mini iskar da na ba shi, da ɗumi da wari, haɗe da kumfar jini har kan harshena. Na yar da shi na fita a guje. A bakin lambatu na amayar da duk abin da na ci, ina jin aji ya kaure da ihu.

Anti ta iso da buta. "Yi haƙuri," ta ce, tana danne dariya. "Na manta ban ce ki toshe da yatsa ba."

Na kurkure baki ya fi sau goma, ɗanɗanon yana nan. Haka na koma aji na bayyana musu cewa huhu da kansa yake tsukewa ya fitar da iska. Ba wadda ta buƙaci maimaici.

Na yi watanni ko farfesun kayan ciki ba na iya kallo. Shekarar da ta biyo, famfon keken maigadi na ara na hura huhun da shi.